La'ana da Hukuncin Allah a Koyarwar Kirista: Yadda Ake Karanta Su a Arewacin Zamfara

La'ana, a fahimtar Littafi Mai Tsarki na Kirista, hukunci ce da ake furtawa a kan mugun aiki, kuma Allah kaɗai ke da ikon zartar da ita. Ta bambanta da zagin da ake yi cikin fushi a bakin kasuwa, ta kuma bambanta da sammu ko jifa, waɗanda ake zuwa wurin boka a biya kuɗi don a nakasa wani. Kishiyarta albarka ce. Albarka na nufin rai da yalwa da zaman lafiya a ƙarƙashin kulawar Allah, ita kuwa la'ana yankewa ce daga wannan kulawa, a bar mutum da abin da hannunsa ya shuka. Hausa tana da kalmomi da yawa a wannan fage: tsinuwa, Allah wadai, bakin iyaye, alhaki, da kuma "Allah ya isa", wadda ita ce makamin ƙarshe na wanda aka fi ƙarfi. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya jagoranta tare da abokan aikinsa, Kirista mai jin Hausa yake karanta labarin la'ana da kunnen da ya riga ya saba da waɗannan kalmomi.

A arewacin jihar Zamfara maganar ta wuce darasin makarantar Lahadi. Kiristoci tsiraru ne a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. Zamansu a Ƙaura yana da alaƙa da layin dogo da ya iso garin daga Zariya a 1929, ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa a zamanin cinikin gyaɗa da auduga. Daga baya kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, wadda aka kafa a 1983, ta ƙara kawo malamai da ɗalibai daga sassan ƙasa. 'Yan Katolika na yankin suna ƙarƙashin dayosis ɗin Sakkwato, inda Matthew Hassan Kukah yake bishop tun 2011, 'yan Anglican suna ƙarƙashin Gusau, ga kuma ECWA da sauran ɗarikoki. Mafi yawan waɗanda 'yan bindiga suka kashe a wannan yanki Musulmi ne, manoma da makiyaya da fatake. Sai dai hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ba ta tambayar addinin matafiyi, kuma mai neman kuɗin fansa bai damu da inda mutum ke ibada ba. A ƙarshen 2021 rundunar 'yan sandan jihar ta tabbatar da samun wata wasiƙar barazana da ke neman a rufe majami'u, abin da ya ƙara wa Kiristoci nasu fargaban a kan wanda kowa ke ciki.

Girman abin ba ya ɓoyuwa. Kwamitin da gwamnatin jihar ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon sufeton 'yan sanda Mohammed Abubakar ya ba da rahoton cewa an kashe mutum 6,319 tsakanin 2011 da 2019, an kuma biya fiye da naira biliyan uku kuɗin fansa. A watan Yunin 2021 'yan sanda sun tabbatar da kisan mutum 53 a Kadawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙaramar hukumar Zurmi. A watan Yulin 2025 labari ya fito daga Banga, a ƙaramar hukumar Ƙaura Namoda, cewa an kashe fiye da mutum 30 cikin waɗanda aka sace, bayan an karɓi kuɗin fansarsu. Duk wanda ya ji irin wannan, a masallaci yake ko a coci, tambayarsa ɗaya ce: yaushe Allah zai saka wa waɗanda aka zalunta? Kirista kuma yana da ƙarin tambaya. An umarce shi ya ƙaunaci maƙiyinsa, to yana da izinin ya roƙi Allah ya hallaka wanda ya yi wannan aiki?

Amsar tana farawa daga littafin Farawa. A sura ta 3, bayan saɓon Adamu da Hauwa'u, abubuwa biyu aka ambata da kalmar la'ana, maciji da ƙasa. Mutum na farko da la'ana ta hau kansa kai tsaye shi ne Kayinu, a sura ta 4, kuma laifinsa kisan ɗan'uwansa Habila ne a saura. Labarin ya nuna jinin wanda aka kashe yana kai ƙara daga ƙasa zuwa ga Allah, ko da babu shaida, babu alƙali. Hukuncin Kayinu shi ne ƙasa ta daina ba shi amfani, ya zama mai yawo marar mazauni. Masu wa'azi a ƙasar da dubban matasa suka koma daji, ba sa iya shiga kasuwa da rana ko kwana biyu a wuri ɗaya cikin natsuwa, ba sa shan wahalar bayyana wannan hoto. Akwai kuma wani ɓangare na labarin da ake yawan tsallakewa: Allah ya sa wa Kayinu alama don kada wani ya kashe shi. Tun a shafukan farko an raba hukunci da ramuwar gayya.

Labarin Nuhu a sura ta 9 ya cancanci a tsaya a kansa saboda ɓarnar da aka yi da shi. Wanda Nuhu ya la'anta jikansa Kan'ana ne, kuma babu maganar launin fata ko ɗaya a wurin. Duk da haka masu cinikin bayi a Turai da Amurka sun shafe ƙarnoni suna kafa hujja da shi cewa baƙar fata la'ananne ne. Wannan ƙarya ce da aka jingina wa littafin, kuma ita ce babban misalin yadda azzalumi ke ɗaukar maganar la'ana ya ɗora wa wanda yake zalunta.

Inda aka fi tsara maganar shi ne littafin Maimaitawar Shari'a, sura ta 27. An umarci kabilun Isra'ila su rabu biyu, shida a kan Dutsen Gerizim don albarka, shida a kan Dutsen Ebal don la'ana, Lawiyawa su karanta la'anoni goma sha biyu da babbar murya, jama'a duka su amsa da amin bayan kowace ɗaya. Abin lura shi ne irin laifuffukan da aka zaɓa. Akwai mai sassaƙa gunki ya ɓoye, da mai wulakanta iyayensa, da mai matsar da iyakar gonar maƙwabcinsa, da mai ɓatar da makaho a hanya, da mai danne haƙƙin baƙo da maraya da gwauruwa, da mai kashe maƙwabcinsa a ɓoye, da mai karɓar kuɗi don a zubar da jinin marar laifi. Kusan dukkansu laifuffuka ne da ake yi inda ba mai gani, ko a kan wanda ba shi da mai tsaya masa. Ke nan la'ana tana aiki ne a inda hannun alƙali ba ya kaiwa. Jama'a suna cewa amin don su miƙa wa Allah shari'ar da kotunsu ba za ta iya yi ba.

Mai karanta wannan jeri a Zurmi ko Shinkafi zai ga fuskokin da ya sani. Matsar da iyaka ita ce cinye burtali da makiyaya da dazuzzukan gwamnati da aka yanka aka raba, abin da masu nazarin rikicin Zamfara suka daɗe suna lissafawa cikin tushensa. Mai karɓar kuɗi a kan jinin marar laifi shi ne infoma, wanda ke zaune cikin gari, yana cin abinci da mutane, yana kuma sanar da daji wa ya sayar da amfanin gona, wa ɗansa ya aiko masa da kuɗi. Dokar Musa ba ta yi sassauci ga satar mutane ba: littafin Fitowa, sura ta 21, ya yanke hukuncin kisa ga wanda ya saci mutum, ko ya sayar da shi ko an same shi a hannunsa. A Sabon Alkawari ma, wasiƙar farko zuwa ga Timoti ta sa masu satar mutane a layi ɗaya da masu kisankai.

Sura ta 28 ta Maimaitawar Shari'a ta fi tsanani, kuma a nan ne ake yawan zamewa. Ayoyi 14 ne suka yi maganar albarka, 54 suka yi maganar la'anar da za ta sami al'ummar da ta karya alkawarinta da Allah. Cikinsu akwai mutumin da za a yanka sansa a gabansa bai ci ba, a ƙwace jakinsa da tumakinsa, a tafi da 'ya'yansa yana kallo ba abin da zai iya, ya shuka wani ya girbe, da safe ya yi fatan dare, da dare ya yi fatan safiya. Kamannin da halin ƙauyukan arewacin Zamfara yana da ban tsoro, shi ya sa wasu ke saurin yanke cewa mutanen yankin wani zunubi suka yi aka la'ance su. Wannan fassara ba ta da tushe, kuma mugunta ce a kan mugunta. Surar tana magana ne da wata al'umma takamaimai da ke ƙarƙashin wani alkawari takamaimai. Littafin Ayuba gaba ɗayansa an rubuta shi ne don rushe tunanin cewa duk wanda masifa ta samu mai laifi ne. Sabiyawa da Kaldiyawa suka kai hari suka kore shanun Ayuba da jakunansa da raƙumansa, suka karkashe barorinsa, abokansa uku suka dage cewa lalle akwai abin da ya aikata, a ƙarshe Allah ya tsawata wa abokan. Yesu ma, a Luka sura ta 13, da aka ba shi labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, ya haɗa da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, ya ce ba su fi sauran mutane zunubi ba. Matar da aka kashe wa miji a gona ba la'ananniya ba ce. A tsarin Maimaitawar Shari'a, la'anar tana kan wanda ya kashe shi da wanda ya danne mata haƙƙi.

Kusa da wannan akwai maganar la'anar gado, wadda ta yaɗu a wasu majami'un zamani, inda ake danganta rashin haihuwa ko karyewar jari ko ciwo da laifin kakanni, a shirya addu'o'i na musamman don karya ta. Masu wannan koyarwa suna dogara da Fitowa sura ta 20, inda aka yi maganar alhakin iyaye yana bin 'ya'ya har tsara ta uku da ta huɗu. Gaskiya ne ɓarnar uba tana taɓa ɗa, kamar yadda yaron da ya tashi a sansanin daji da bindiga a hannu ya gaji abin da bai zaɓa ba. Amma annabi Ezekiyel, a sura ta 18, da Irmiya a sura ta 31, sun fito fili sun ce kowa da laifinsa za a kama shi. Littafin Karin Magana ya kwatanta la'anar da ba ta da dalili da tsuntsu mai shawagi wanda ba ya sauka. Labarin Bal'amu a littafin Ƙidaya ya ƙara tabbatar da haka: sarki Balak na Mowab ya yi hayarsa ya la'anci Isra'ila, sau uku yana buɗe baki albarka na fitowa. La'ana ba haja ba ce da ake saye, kuma ba ta bin umarnin mai kuɗi.

Zabura ita ce inda mai baƙin ciki ke samun bakin magana. Cikin zaburoyi 150 akwai waɗanda ke roƙon Allah ya hukunta maƙiyi da kalmomi masu zafi ƙwarai, kamar ta 35, 58, 69, 109 da 137. Zabura ta 10 ta siffanta mugu mai fako a gefen ƙauyuka, yana laɓewa kamar zaki, yana kama talaka ya ja shi cikin tarkonsa, yana faɗa a ransa cewa Allah ya manta, marubucin kuma ya roƙi Allah ya karya hannun wannan mugu. Ta 58 tana fuskantar masu mulki da alƙalai marasa gaskiya, tana roƙon a kakkarya haƙoransu. Ta 109 ta kai har ga roƙon 'ya'yan azzalumi su zama marayu, mai bin bashi ya kwashe dukiyarsa. Ta 137, wadda ta fito daga bakin waɗanda aka kwashe zuwa Babila bayan rushe Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, ta ƙare da fatan a yi wa jariran Babila abin da aka yi wa nasu.

Kiristoci sun daɗe suna kokawa da waɗannan ayoyi. Agustin, bishop ɗin Hippo a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya karanta su a matsayin annabcin abin da zai sami mugaye. Marubucin Birtaniya C. S. Lewis, a littafinsa kan Zabura na 1958, ya ce ƙiyayya ce ta gaske da bai kamata a yi koyi da ita ba, ko da yake tana nuna irin raunin da zalunci ke yi wa zuciyar wanda aka zalunta. A farkon shekarun 1970 cocin Katolika ta cire Zabura ta 58 da 83 da 109 daga littafin addu'o'in yau da kullum. Dietrich Bonhoeffer kuwa, faston Jamus da gwamnatin Hitler ta rataye a watan Afrilun 1945, ya ce a ci gaba da yin addu'a da su, domin mai yin su yana cire ramuwa daga hannunsa ne ya miƙa wa Allah. Masanin tauhidi Miroslav Volf, ɗan Kuroshiya da ya ga yaƙin ƙasarsa, ya ƙarfafa wannan a littafinsa na 1996: wanda aka ƙona wa gida aka yanka wa 'yan'uwa ba zai iya ajiye makami ba sai in ya gaskata cewa akwai Allah mai hukunci.

Ra'ayin Bonhoeffer da Volf ya fi kusa da gaskiyar ƙasa irin Zurmi. Cikin waɗannan zaburoyi babu inda mai addu'ar ya ce shi da kansa zai je ya rama. Yana kai ƙara ne, yana faɗin zafin da ke ransa ba tare da ya yi masa kwaskwarima ba, sannan ya bar hukunci ga mai shi. Dawuda, wanda ake danganta yawancinsu gare shi, sau biyu yana samun sarki Saul a hannunsa ya ƙyale shi. Wannan shi ne ainihin ma'anar "Allah ya isa" a bakin Bahaushe: na kai ƙararka inda ba a ba da cin hanci. Hana wanda aka zalunta furta wannan, da sunan haƙuri ko ladabi, tura fushinsa ne zuwa wata hanya, kuma Zamfara ta ga inda hanyar take ɓullewa. Kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba, da harin ramuwa da ke biyo baya a kan ƙauye guda saboda laifin mutum ɗaya, su ne suka mai da satar shanu yaƙi. Maimaitawar Shari'a sura ta 24 ta hana a kashe ɗa saboda laifin uba ko uba saboda laifin ɗa, kuma roƙon da Ibrahim ya yi a kan Saduma ya ginu ne a kan cewa mai shari'ar duniya ba zai haɗa mai laifi da marar laifi ya hallaka ba.

Annabi Habakuk ya kai kukan wani mataki. Littafinsa sura uku ne kacal, ya buɗe shi da tuhuma: yana ta kuka a kan ta'addanci, Allah bai amsa ba, doka ta shanye, shari'a na fitowa a karkace. Amsar da ya samu ta fi tambayar ɗaci, domin an ce masa Kaldiyawa, waɗanda suka fi mugunta, su ne za su zo. Sai a sura ta 2 aka jero kaito biyar, kuma yawancinsu a kan masu cin riba ne: mai tara abin da ba nasa ba, mai gina gidansa da ƙazamar riba don ya tsira daga masifa, mai kafa birni da jini. An ce duwatsun bango da katakon rufi za su ba da shaida a kansa. Wannan ya faɗaɗa da'irar masu laifi. Bindiga ba a daji ake ƙera ta ba, shanun sata suna da dillalai da mahauta, babura da man fetur da ƙwayoyi suna da masu kai su. Littafin ya rufe da mutumin da gonarsa ba ta ba da komai ba, garkensa babu tunkiya, turkensa babu saniya, amma bai saki Allah ba.

Sabon Alkawari bai soke hukunci ba, amma ya ƙwace la'ana daga bakin mai bi. Yesu ya umarci almajiransa su sa wa masu la'antarsu albarka, su yi addu'a domin masu tsananta musu. Da Yakubu da Yahaya suka nemi izinin kiran wuta daga sama a kan wani ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓarsu, ya tsawata musu. A kan gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara, Istifanas ma ya yi haka lokacin da ake jifansa. Manzo Bulus, a Romawa sura ta 12, ya hana la'anta da ramuwa, ya ba da dalili: ramuwa ta Allah ce, a bar masa wurinsa. A Galatiyawa sura ta 3 ya kawo abin da ke tsakiyar bangaskiyar Kirista, cewa Almasihu ya ɗauki la'anar shari'a a kansa lokacin da aka rataye shi a kan itace. A nan Kirista da Musulmi suka rabu, domin Musulunci bai yarda an gicciye Annabi Isa ba. Ga Kirista, ma'anar ita ce babu wanda ya isa ya tsaya a gaban Allah da adalcin kansa, kuma ƙofar tuba a buɗe take har ga mai jini a hannu, kamar yadda Bulus kansa ya fara da tsananta wa masu bi. Saboda haka addu'ar da ta dace da koyarwar ita ce a roƙi Allah ya tsai da mugu, ya karya ƙarfinsa, ya tona asirin masu taimakonsa, ya juyo da shi in zai juyo. Addu'o'in kiran wuta da mutuwa da suka shahara a wasu majami'u, in aka auna su a kan wani mutum da sunansa, sun faɗa cikin abin da aka hana Yakubu da Yahaya.

Sai dai wanda ya tsaya a sura ta 12 ta Romawa bai gama karatu ba. Sura ta 13 ta ce mai mulki bawan Allah ne da aka ba takobi don ya hukunta mai mugunta. An hana mutum ɗaya ramuwa ne domin an ɗora wa hukuma alhakin yin adalci, kuma hukumar da ta kasa, ko ta haɗa baki, tana ƙarƙashin hukunci ita ma. Ezekiyel sura ta 34 ta yi kaito ga makiyayan da ke cin kitse suna sa ulu, suka bar tumaki namun daji na cinyewa. Iliya ya tare sarki Ahab a cikin gonar Nabot, wanda aka kashe da shaidar zur don a ƙwace gadonsa. A Zamfara, gwamnatin jiha da kanta ta tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau a watan Afrilun 2022 bisa zargin hannu a ta'addancin. Bishop Kukah ya bi sawun annabawan a jana'izar Michael Nnadi, ɗalibin makarantar horar da limaman Katolika ɗan shekara 18 daga dayosis ɗin Sakkwato, wanda aka sace a Kaduna aka kashe a farkon 2020. A huɗubarsa ta ranar 11 ga Fabrairu ya amsa cewa akwai fushi, akwai kuma jarabar ramuwa, ya ce hanyar Almasihu ba ta takobi ba ce, sannan ya ɗora wa gwamnatin tarayya laifi ba tare da sassautawa ba. Gafarta wa mai kisa da neman a gurfanar da shi suna tafiya tare.

Wannan ya shafi muhawarar sulhu. Gwamnatin Bello Matawalle ta yi sulhu da 'yan bindiga daga 2019, gwamnatin Dauda Lawal da ta hau a 2023 ta ce ba za ta yi ba, ƙauyuka da yawa kuma suna yin nasu na dole, su biya haraji kafin su yi noma ko girbi. Littafi Mai Tsarki yana son sulhu, amma yana da ma'aunin tuba. Fitowa sura ta 22 ta ce wanda ya saci sa ya yanka ko ya sayar zai biya biyar, tunkiya kuma huɗu. Zakka mai karɓar haraji, da ya tuba a Luka sura ta 19, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Mutanen Nineba sun tsira a zamanin Yunusa domin sun bar ta'addancin da ke hannunsu, da zuriyarsu ta koma gare shi annabi Nahum ya yi shelar faɗuwar birnin, ya kuwa faɗi a shekara ta 612 kafin haihuwar Almasihu. Tuban da bindiga ke rataye a kafaɗa, shanun mutane na cikin garke, waɗanda aka sace na ɗaure a daji, bai cika wannan ma'auni ba. Talakan da ya biya haraji don ya ceci 'ya'yansa ba shi da laifi, amma kada a kira abin da aka tilasta masa zaman lafiya.

Game da jinkirin hukunci, koyarwar Kirista tana cewa jinkiri dama ce ta tuba, kamar yadda wasiƙar Bitrus ta biyu ta bayyana. Misalin alkama da ciyawa a Matiyu sura ta 13 ya ƙara wani dalili: in aka yi gaggawar tuge ciyawa za a tuge alkama tare da ita, don haka a bari sai girbi. Bahaushe ya ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, ya kuma ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Wasu azzalumai alhakin yana cim musu tun a duniya, wasu kuma suna mutuwa a kan gadonsu cikin dukiya, kuma Zabura ta 73 ta amsa cewa ganin haka ya kusa sa ƙafar mai bi ta zame. Saboda irin waɗannan ne ake jiran ranar shari'a, wadda Kirista da Musulmi duka suka gaskata da ita. Littafin Wahayin Yahaya ya nuna rayukan waɗanda aka kashe suna tambayar sai yaushe, aka ce su ɗan jira, daga baya aka buɗe littattafai aka yi wa kowa shari'a bisa aikinsa, sura ta ƙarshe kuma ta ce la'ana za ta ƙare.

A Matiyu sura ta 25, inda Yesu ya siffanta wannan rana, waɗanda ya kira la'anannu ba a tuhume su da kisa ko sata ba. Laifinsu shi ne sun ga mayunwaci da baƙo da marar tufa da marar lafiya da ɗaurarre, suka wuce. A garuruwan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, inda mutanen ƙauyuka suka gudo suna kwana a makarantu da kangaye da zaurukan dangi, wannan sura ta fi kowace zabura matsa wa mai karatu, domin ta juyo da tambayar daga daji zuwa cikin gari. Ikilisiyar da ke roƙon Allah ya hukunta 'yan bindiga tana da haƙƙin yin haka, kuma ma'aunin da za a auna ta da shi shi ne abin da ta yi wa ɗan gudun hijirar da ke bakin ƙofarta, Musulmi ne ko Kirista, Bahaushe ne ko Bafulatani. A Luka sura ta 18 Yesu ya ba da misalin gwauruwar da ta dame wani alƙali marar tsoron Allah har ya bi mata haƙƙinta. Kwamitin Mohammed Abubakar ya ƙirga mata 4,983 da aka kashe wa mazaje a Zamfara, da marayu 25,050, kuma ƙirgar ta tsaya ne a 2019.